Sikeli kafin wuƙa

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa ba na barin mai ƙari a cinya ya ga likita sai ka ɗora shi a sikeli, alhali ƙarin ne ya kawo shi Garwa ta Kamaru, ba rama ba.

Wannan ciwon dajin na tsoka da kitse, wanda likitoci ke kira sarkoma, kusan 1 ne cikin 100 na dajin manya. Girmansa, zurfinsa, da ko ya kai huhu, su ne manyan abin dubawa, ban musa ba. Amma ka ajiye mutum biyu masu ƙari iri ɗaya. Wanda jikinsa ya zube, shi ne ɗinkinsa ya fi saurin buɗewa, shi ruwan maganin daji ke kayarwa har a dakatar, kuma galibi shi ke riga tafiya. Rai na Allah ne, amma alamun a gabanmu suke.

In ya zubar da sama da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata 6, rubuta da jan biro. Mai kilo 60 ya koma 56, ya shiga ciki ke nan. Da yawa ba su taɓa hawa sikeli ba, sai ka tambayi mai jinya sau nawa aka ƙara ɗaure mazagin wando. Ka dubi gefen goshi ko ya lotsa, ka matsa ƙwauri da yatsa. In ramin ya tsaya, ruwa ne, sikeli ya ruɗe ka.

A takardar awon jini ka nemi albumin, wani furotin da ke cikin jini. Ƙasa da giram 35 a lita abin tsoro ne, musamman in CRP, wato awon kumburin cikin jiki, ya haura miligiram 10 a lita. Sai dai ba yunwa kaɗai ke sauke albumin ba; cutar da kanta tana cinye jiki, don haka kada ka ɗora wa iyali laifi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu cewa ƙwai da nama na ciyar da ƙari. Ka zauna da su, ka lallashe su. Kunun gyada mai kauri, wake, kindirmo, kifin Binuwai, kaɗan-kaɗan sau shida a yini. Wanda za a tura Duwala a gasa masa ƙarin da na'ura kuwa, tun yau za a fara ciyar da shi, don hanyar da nisa. Kowace Litinin ka sake auna shi, a sikeli ɗaya, kafin ya karya.