Masu inji sun taya rimin gonarmu: mu sayar ko mu bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubutowa daga wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu. Akwai wani tsohon rimi a bakin gonarmu ta gado, wanda ko mahaifinmu a haka ya taso ya gan shi. Masu injin yankan katako sun zo sun taya, 'yan'uwana sun ce a sayar tunda inuwarsa na hana dawa yi, kuma ba mai tsintar audugarsa yanzu. Ni dai raina bai kwanta ba. Shin rimi yana da wani amfani da ya wuce inuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ra'ayina tun farko shi ne kada ku sayar, sai idan itacen ya ruɓe har yana barazanar faɗowa kan mutane. Amma 'yan'uwanka ba ƙarya suka yi ba. Dawa da gero ba sa son inuwa, duk abin da aka shuka a ƙarƙashin rimi zai fito a tsumbure. Wannan asara ce ta gaske, sai dai ta ɗan wuri kaɗan ce, kuma akwai maganinta.

Ka fita bayan sallar isha'i cikin hunturu, lokacin da rimin ya zubar da ganye ya fara fure, ka tsaya a gindinsa. Za ka ji wani wari mai ɗan tsami, ka ji fuka-fukai suna ta kaɗawa a sama. Furen rimi da dare yake buɗewa, jemagu ne ke shan ruwansa suna ɗaukar garin furen daga wannan itace zuwa wancan, da haka yake yin 'ya'ya. Da gari ya waye ƙudan zuma su zo su kwashe saura. Ka lura da lokacin: tsakiyar rani ne, ciyawa ta bushe, gonaki sun zama fili, abin da ke fure a daji bai taka kara ya karya ba. Duk mai amya a ƙauyenku yana cin arzikin rimin nan ko bai sani ba. Jemagun da yara ke jifa kuwa su ne ke barbarar furen kuka da na ɗorawa. Idan aka rage musu abincin rani suka ƙaura, ba rimi kaɗai zai ji a jikinsa ba, har miyar kuka da daddawa abin zai taɓa.

Sai tsawonsa. Shamuwa da ungulu da shaho dogon itace suke nema su yi sheƙa inda hannu ba ya kaiwa. Darbejiya da muka cika garuruwa da ita tana da nata amfanin, amma ba ta maye wannan gurbi. Saiwoyinsa masu kama da bango da suka tokare gindin suna riƙe ƙasa, ganyen da yake zubarwa duk shekara taki ne, awaki ma suna ci.

Batun audugar shi ne ya fi ba ni takaici. Da ita iyayenmu ke cika matashin kai da katifa, da ita ake cusa lifidin dawakan sarakuna da muke gani a hawan sallah. Ba ta kaɗuwa a yi zare saboda santsinta, amma ba ta da nauyi kuma ruwa ba ya shigarta da wuri, shi ya sa a Yaƙin Duniya na Biyu aka riƙa cika rigunan ceton masu faɗawa teku da ita. Har yau ana noman rimi don audugarsa a ƙasar Indonesiya. A nan kuwa katifar soso ta shigo, kasuwar audugar ta mutu, itacen da ke kawo kuɗi kowace shekara ya koma itacen da ba ya kawo kuɗi sai ranar da aka kayar da shi. Kuma ko a ranar ba wani kuɗin kirki ba ne, don katakon rimi laushi gare shi, gara da ƙwari ba sa raga masa. Yawanci allunan da ake tare kankare da su a wurin gini ake yi da shi, a yi aiki da su sau kaɗan a yar. Itacen da ya girmi mahaifinku ke nan.

Mutane kan ɗora wa masu inji laifin duka. Ni a ganina babbar matsalar ita ce rimi ba shi da magaji. Yaushe rabon da ka ga ƙaramin rimi mai ƙaya a jiki yana tasowa a gona? Duk wanda ya tsiro, ko garma ta tumɓuke shi, ko akuya ta cinye, ko wutar sassabe ta lashe shi. Da can tsoron iskoki ya sa ba mai ɗaga wa rimi gatari. Ba na cewa a koma wa camfi, amma da tsoron ya kau ba a kawo wani abu da zai tsare itacen ba. Ga masu sassaƙe ɓawo don magani da ke zagaye gindi gaba ɗaya har itacen ya bushe a tsaye, ga masu tara kara a gindinsa su cinna wuta, ga ruwan ƙasa da ke ƙara nisa. Rimin Gado, Rimin Kebe, Kasuwar Rimi a cikin birnin Kano, Unguwar Rimi a Kaduna: sunayen suna nan, amma a wurare da yawa masu irin wannan suna sai ka yi yawo kafin ka ga itacen. Rimi adon gari, in ji masu kirari.

Yanzu abin yi. Ka je ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarku ka nemi a turo wanda zai duba shi, dama sare babban itace yana buƙatar izininsu. A duba ko akwai kogo a gindi, ko gara ta shige shi, ko manyan rassa sun bushe, ko ya fara karkata. Kada a raina wannan, don tsohon rimi yana faɗuwa. Shahararren rimin nan na tsakiyar birnin Firitawun a Saliyo guguwar ruwan sama ce ta kayar da shi a watan Mayun 2023. Idan lafiyarsa ƙalau, a rage rassan da suka rufe gona bayan ya gama zubar da auduga, rana za ta samu hanya. Ƙarƙashinsa kuma a daina wahalar da dawa, a mayar da wurin maɗaurin dabbobi, takin ya amfani gonar, ko a rataya amya a sama.

Ko kun bar shi ko dole ta sa an sare, ku tsinci ƙwayoyin baƙaƙen nan da ke cikin audugar ku shuka a leda, ko ku yanki reshe mai kauri ku dasa da farkon damina, yana kamawa. Ku sa shi a kan iyakar gona, nesa da ɗaki da rijiya, tunda saiwarsa na yaɗo kuma audugar na kama wuta nan da nan. Ku kewaye shi da ƙaya sosai har ya fi ƙarfin bakin akuya.