Shin in sauya kunamar bindigata ta farauta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka, na sayi tsohuwar bindiga ƙirar Remington 700 don farautar barewa. Abokaina sun ce in cire kunamarta in sa ta kamfanin Timney ko TriggerTech, wai gwargwadon laushin kunama gwargwadon kyan saiti. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka sun yi gaskiya wajen sauyin, amma maganar laushi a bi ta a hankali.

Fara da duba kunamar da ke jikinta. In fuskar da yatsa ke taɓawa tana da zane-zane, tsohuwar ƙirar Mike Walker, injiniyan Remington, ce, wadda aka daɗe ana shari'a a kanta bisa zargin bindiga na tashi ba a taɓa kunama ba. In sumul take, ƙirar da ta biyo baya ce mai suna X-Mark Pro, kuma a 2014 kamfanin Remington da kansa ya nemi a mayar masa da waɗanda aka ƙera daga Mayun 2006 zuwa Afrilun 2014, saboda gam da ya yi yawa a ciki yana iya sa bindigar ta tashi. Kamfanin ya karye a 2020, don haka wurin maƙerin bindiga za ka nufa. Wannan kaɗai ya isa dalilin sauyi.

Abin da kuɗinka ke saya shi ne kunama mai hali ɗaya. Ta banza, kana ja tana jan ƙafa, ka ji ƙarfe na gogar ƙarfe, ba ka san inda za ta saki ba. Kafin ta saki bakin bindiga ya riga ya goce. Ta kirki kuwa tsayawa take cak, ka ƙara matsi kaɗan ta ɓalle kamar busasshen kara, kuma yadda ta yi yau haka za ta yi gobe. Timney, da ke wannan sana'a tun 1946, da TriggerTech na Kanada duk suna ba da wannan. Akwai mai mataki ɗaya, akwai mai biyu, wadda za ka ja ta tafi salin-alin sannan ta tokare kafin ta saki. Zaɓin wannan sabo ne kawai.

Nauyi, wato ƙarfin da yatsa zai sa kafin kunama ta saki, shi ne inda mutane ke ruɗar kansu. Masu gasar harbi daga kan teburi suna amfani da kunama irin ta kamfanin Jewell, da ke sauka ƙasa da giram 60, amma su a zaune suke, bindiga na kan matokara, ba sanyi ba gaggawa. Kai kuwa a watan Nuwamba za ka shiga daji, yatsunka sun ƙage, ga safar hannu mai kauri, ga zuciya na bugawa don barewa ta ɓullo. Hatta 'yan gasar gudun kan ƙanƙara da harbi, dokarsu ba ta yarda kunama ta gaza giram 500 ba. A ganina maharbi ya tsaya wajen fam 3, wato kusan kilo 1.4, kada ya sauka ƙasa da kilo ɗaya. Wanda ya ce maka wannan ya yi tauri, yawanci atisaye ne bai yi ba.

Kada ka ɗauki zarto ka goge tsohuwar, ko ka yi ta kwance sukurorinta. Ɗan abin da ke riƙe da allurar da ke dukan harsashi ɗan ƙarami ne ƙwarai. In aka rage shi, faɗuwa ɗaya ta isa ta sa bindigar ta tashi. Bar maƙeri ya ɗaura sabuwar, ya auna ta da ma'auni a gabanka. Sannan, bindiga babu harsashi, baki na kallon inda ba kowa, ya rufe sakata da ƙarfi, ya buga gindinta a ƙasa, ya sa makullin da ke hana bindiga tashi ya ja kunama ya saki ya cire makullin. In allura ta faɗa ko sau ɗaya, kada ka karɓa sai ya sake gyara.