Amsa ga 'yar'uwar da ke shirin fita waje don allurar mafitsara

Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi da na karanta tambayarki sai da jikina ya yi sanyi, don duk abin da kika lissafa na sha shi: matsuwar fitsari da ba ta jira, tashin dare ba adadi, alwalar da ba ta kai ki sallama, ki je gidan biki hankalinki na kan ƙofar bayi. Kin ce an gaya miki a Masar ko Indiya ana yin allurar Botox a mafitsara, a shiga da safe a fito da rana, shi ne kike tunanin sayar da filinki na Tumfure ki tafi. Ni an yi min a Alƙahira. Don Allah kar ki sa hannu a takardar filin nan tukuna.

Allurar gaskiya ce, ba damfara ba ce, tun 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan lalurar. Kuma da gaske ba a kwantar da mutum. Za a zuba maganin kashe zafi a mafitsara, a shiga da wani siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari, a tsira allurar wuri kamar 20 a naman mafitsarar, yawanci yunit 100. Aikinta ta sassauta tsokar da ke matsewa ba da izininki ba. Zafin bai kai yadda na ji tsoro ba. Ni ta yi min aiki, alhamdulillahi, na yi barci har asuba, abin da na manta daɗinsa.

Amma ba ta warkarwa, Hajiya. Ƙarfinta yana sanyi, galibi bayan kamar wata shida, wasu su ɗan zarce, sai a sake. Wannan shi ne abin da ejan da ya shirya min tafiya ya ɓoye min. Da bakinsa ya ce “sau ɗaya ne, Hajiya, kin rabu da shi har abada.” Ya karɓi kuɗinsa, ya yanka min tikitin dawowa kusan ina fitowa daga asibiti, wai don ya rage min kuɗin masauki. Bai ce min ana so a duba mutum cikin mako biyun farko a ga ko mafitsara tana juye fitsarin duka ba. Har gobe idan na tuna shi zuciyata tafasa take yi, na bar shi da Allah.

A mota abin ya same ni, mun taso daga Abuja, mun wuce Jos. Marata ta cika tam, ina jin fitsarin amma ya ƙi fita. Muka tsaya a Bauchi na shiga bayin gidan mai da buta, na tsuguna, na yi nishi, na zuba ruwa a ƙafa, sai ɗigo biyu uku. Na koma mota ina gumi. Kafin Alkaleri marar ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya, kowane rami direba ya faɗa sai na ji kamar za ta fashe. Ina cizon gefen hijabina don kar fasinjoji su ji kukana, wata tsohuwa a gefena tana ta yi min tofi tana cewa nakuda ce. Ni da na yi shekaru ina roƙon Allah fitsari ya tsaya, ga shi ya tsaya, ina roƙon ya fito. Muna shiga Gombe asibiti aka wuce da ni cikin dare, aka sa min roba. Da safe na kira ejan nan, ya ce shi nasa biza da tikiti ne. Daga nan bai ƙara ɗaukar wayata ba.

Ashe sanannen abu ne, kusan mutum 6 cikin 100 yana samun su, masu ciwon suga ma sun fi. Sai da na koyi sa wa kaina siririyar robar nan ina zubar da fitsarin ina cirewa, na tsawon makonni, kafin mafitsarar ta dawo daidai. Kan haka kuma ciwon sanyin fitsari ya biyo baya, wanda ya ma fi wancan yawan faruwa. To ki tambayi kanki tun yanzu, za ki iya sa robar in ta kama? In ba za ki iya ba, kuma ba mai yi miki, allurar ba taki ba ce.

Ba ki faɗa mana ko kin sha magani ba. Ba a farawa da allura. Akwai oxybutynin, akwai solifenacin, suna busar da baki da kawo taurin bayan gida, ni har azumi ya yi min wuya a kansu. Akwai mirabegron, shi kuma a riƙa auna hawan jini. Ki rage shayi da lemon kwalba da goro, na san da wuya, musamman goron. Amma kar ki daina shan ruwa a zafin nan namu, fitsari in ya yi kauri ƙara tsokanar mafitsara yake yi. Akwai kuma horon da ake koyarwa na jinkirta zuwa bayi kaɗan-kaɗan da matse tsokar ƙasan mara.

An ma auna ki kuwa? Suga yana kawo yawan fitsari, sanyi yana kawowa, tsargiya ma haka. In kuma zuba yake yi dare da rana ba tare da kin ji matsuwa ba, tun bayan wata haihuwa mai wuya, wannan wani ciwon ne daban, cibiyar yoyon fitsari ta Ningi za ki nufa, Botox ba abin da zai yi masa. Ki fara ganin likitan mafitsara a Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Gombe ko na ATBU a Bauchi, ki tambaye shi kai tsaye ko akwai inda ake yin allurar a cikin ƙasar nan, tunda abu ne na maimaici.

Maganar sallah da kika yi ita ta fi taɓa ni. Na daɗe ina ganin kamar sallata ba ta karɓuwa, ina wanke zani har hannuna ya tsage, ga dangin miji suna cewa ƙazanta ce, wata har ta taɓa ɗage tabarmarta da na zauna. Ki je wurin malami ki tambayi hukuncin salisul bauli, wato fitsarin da mutum ba ya iya riƙewa, akwai sauƙi sosai a addini. Kunzugun manya ma ba abin kunya ba ne ranar tafiya.

In duk kin bi waɗannan likita ya ce sai allurar, to ki tafi da wani naki, ki yi magana da asibitin da kanki ba ta bakin eja ba, ki zauna can aƙalla mako biyu. Ki gaya musu in kina shan asfirin ko maganin tsinka jini. Ki karɓo takardar da aka rubuta sunan maganin da yawan yunit da ranar da aka yi, don ba a sake wata kafin mako 12. Kuma ki samu likita a gida da ya san da tafiyar tun kafin ki tashi. Kuɗin kuwa ki lissafa na zuwa biyu a shekara, da jirgi da masauki, ki ga ko filin zai ɗauka. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.