Agogon auna sukari ba tare da huda yatsa ba: a saya wa Hajiya?

'Yar'uwa, kin ce Hajiya ta gaji da huda yatsa kullum, kuma kin ga ana tallar agogon da ke auna sukari da haske kawai. Shawarata, riƙe kuɗinki tukuna.

Dabarar kanta ba ƙarya ba ce. Na'urar tana harba wani haske da ido ba ya gani, mai maƙwabtaka da ja, ya ratsa fata, sannan ta lissafa nawa jiki ya shanye. Matsalar ita ce sukarin jini ɗan mitsitsi ne, kusan giram ɗaya a lita guda, ruwan jiki kuwa shi ke shanye yawancin hasken. Ga gumi, ga kaurin fata, ga ɗumin jiki, kowanne yana karkatar da lissafin. Hannun da ya bushe da hunturun Kaduna daban, na lokacin bazara daban.

A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe mai wannan iƙirari ba.

Babban haɗarin shi ne a rage ko a ƙara insulin bisa lambar agogo. Sukari zai iya faɗuwa, agogo na nuna lafiya lau.

In hudar ce damuwarta, a riƙa huda gefen yatsa maimakon tsakiya, a sauya allura. Akwai kuma ƙaramar na'urar auna sukari irin FreeStyle Libre da ake mannawa a damtse tsawon kwana 14, sai dai da tsada. Ki tuntuɓi likitanta, ko ɓangaren masu ciwon sukari a Asibitin Barau Dikko da ke Kaduna. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.