Muryar Yaya a zauren gida: amsar Auta kan wasan harbin fenti

Assalamu alaikum mutanen gida, barkanku da dare. Auta, na ga saƙonka tun la'asar, ina tuƙi ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce wurin aikinku za su kai ku wasan harbin fenti ranar Asabar a nan Abuja, wanda ake ce wa fentbol, ba ka taɓa yi ba, kana tambaya ko da zafi, kuma wane kaya za ka sa. Na ga Umma ma ta rubuta cewa ita hankalinta bai kwanta da wasan bindiga ba. To bari in yi murya, rubutu zai yi tsawo.

Umma, ki kwantar da hankalinki, babu albarushi a ciki. Matsattsiyar iska ce a cikin 'yar tukunya take tunkuɗo ƙwallon fentin. Ita bindigar asalinta ma kayan aiki ce, a Amurka ma'aikatan gandun daji da masu kiwo ne suke yi wa itatuwa da shanu alama da ita daga nesa. Sai a 1981 wasu mutum 12 suka shiga daji a jihar New Hampshire suka mayar da ita wasa. Shi kuma ƙwallon, girmansa kamar ɗan magarya, fatarsa irin ta kwanson maganin nan ce mai laushi, ruwan cikinsa ba guba ba ne, ruwa da sabulu suna fitar da shi.

Zafi kuwa akwai, ba zan ɓoye maka ba. Kamar an ja roba an sakar maka ne a fata, ya yi maka raɗaɗi na ɗan lokaci, ya bar shati zagayayye da zai yi 'yan kwanaki ya baje. Inda ya fi ciwo yatsu ne, da wuya, da cikin cinya. Wannan duk mai wucewa ne.

Abin da ya sa na ɗauki waya a daren nan shi ne idonka. Auta ka saurare ni da kyau. Ƙwallon nan yana fita da gudun da ya kai ƙafa 280 zuwa 300 a daƙiƙa ɗaya, wato ya haura kilomita 300 a awa. Ka sa yatsa ka shafa ƙashin da ya kewaye idonka. Da ƙwallon ƙafa zai buge ka a fuska, yawanci wannan ƙashin ne zai tare shi. Shi wannan ƙarami ne, ramin idon yake shiga kai tsaye, babu abin da zai tsayar da shi. Mutane sun rasa ido a haka, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne, babu abin rufe fuska a lokacin. Saboda haka abin fuskar da za su ba ka, daga ka taka cikin fili har ka fito ta ƙofa, ba ya ɗaguwa. Ko an harbe ka ka fita daga wasa, ko an busa usur an ce an tashi, ko hancinka na ƙaiƙayi, yana nan a fuskarka. Kuma tabarau na rana ko na masu walda ba ya maye gurbinsa.

Ga inda shaiɗan yake shigowa: gumi. Kana gudu cikin ranar nan, numfashinka zai sa gilashin ya yi hazo, ka daina gani. Hannunka da kansa zai tafi ya ɗaga shi. Na ga wannan da idona zuwana na biyu. Wani yaro a ɓangarenmu, muna tsugune bayan tayoyi, tsakanina da shi bai fi taku uku ba, ya tura abin sama zuwa goshi yana goge ido da bakin riga. Kafin in buɗe baki, ƙwallo ya fashe a jikin tayar da ke daf da kunnensa, fenti ruwan ɗorawa ya fantsamar masa a kumatu. Tazarar ba ta kai tafin hannu ba. Wallahi har muka koma gida jikina bai daina rawa ba. In naka ya yi hazo, ka duƙa a inda kake, ka ɗaga hannu ka kira alƙalin wasa, shi zai fitar da kai ka goge a waje. Tun kafin a fara ma ka duba gilashin a haske, in ka ga tsaga ko igiyar ta saki, ka mayar musu su canza maka, kada ka ji kunya.

Sai bakin bindiga. Akwai wata 'yar safa da ake ɗaura mata a baki. A wurin hutawa, inda kowa ya cire abin fuska yana shan ruwa, dole safar nan tana ɗaure, makullin kunama a rufe, yatsanka a waje, baki yana kallon ƙasa. Kada ka ce ai na juye ƙwallayen, sau da yawa ɗaya yana maƙale a ciki. In ka ga abokin aikinku yana nuna wa wani ita da sunan raha, ko da oganka ne, ka yi magana. Filin da ya san aikinsa kuma yana auna gudun kowace bindiga da na'ura kafin a shiga. Ka tambaya ko sun auna.

Kaya ba wani abu ba ne. Riga mai dogon hannu, wando mai kauri wanda ba ka jin asararsa, kambas mai riƙe ƙasa, ban da silifas, ban da kaftani. Safar hannu in kana da ita, da ɗan ƙyalle ka naɗa a wuya. Ka tafi da kayan canji saboda sallar azahar. Matan ofishinku su sa ƙaramin hijabi wanda zai shige cikin riga, dogo yana kama ƙafa wurin gudu. Ruwa kuma ka sha tun kafin ƙishi ya zo.

A cikin fili, in ƙwallo ya fashe a jikinka, ka ɗaga hannu da bindiga sama, ka faɗa da ƙarfi cewa ka fita, ka tafi. Kada ka goge fentin ka ci gaba, ha'inci ne. In ka zagayo ka tarar da mutum kusa da kai, taku huɗu ko biyar, ka ce ya miƙa wuya, kada ka sakar masa, harbin kusa yana fasa fata. Kada ka leƙo da bindiga kana harbi ba ka ga inda kake harba ba. Ƙwallon da ya faɗi ƙasa kuma ka bar shi, ya kwashi yashi, toshe maka bindiga zai yi. Kuma ka ririta ƙwallayenka, sabon shiga yakan ƙarar da nasa a minti biyar ya koma saye. Mutumin da ya ci wancan wasan farko na 1981 ko harbi ɗaya bai yi ba, laɓewa da haƙuri ne suka ba shi.

Abu ɗaya da ya shafi ƙasarmu: wasu bindigogin suna kama da na gaske ƙwarai. Kada ka fita da ita ko bakin ƙofar wajen don ɗaukar hoto, ka san halin da ake ciki.

Ina da kambas da safar hannu a gida, ka biyo bayan Juma'a ka karɓa. Umma, in sha Allahu lafiya lau zai dawo miki. Sai da safenku.