Kuɗin da ka ji ana mayar wa mutane a Amurka

Ƙanena, saƙonka na uku ke nan a kan magana ɗaya, ko bizar ma ba ta fito ba. Wai abokinka ya ce a Amurka mutum kan zauna gaban kwamfuta ya ɗan danna, gwamnati ta turo masa daloli. Bari in amsa maka gaba ɗaya in huta, don ƙarfe tara na safe a Kano nan tsakar dare ne.

Kuɗin nan ba sadaka ba ce, guminka ne. Duk albashi ana yanke haraji, a ƙarshen Janairu wurin aiki ya ba ka takardar W-2 mai nuna abin da ka samu da abin da aka yanke. Zuwa 15 ga Afrilu ka miƙa wa hukumar haraji ta IRS lissafinka. In sun yanka ya wuce kima su mayar maka, in bai kai ba ka ciko. Manhajoji irin su TurboTax da H&R Block da FreeTaxUSA tambayoyi kawai suke jero maka, su zuba amsoshinka a fom. Ni yanzu tsakanin Magariba da Isha nake gama nawa, ban biyan kowa ko sisi. Amma sai da na sha wuya kafin in kai nan.

Shekarata ta farko wani ɗan'uwanmu da muke haɗuwa a masallaci ya ce in kawo takarduna, aikin minti ashirin ne. Ya buɗe manhajarsa ya cika mini fom 1040, na mazauna ƙasa, har ya saka rangwamen karatu da kan kai dala 2,500. Kuɗi suka shigo, na ji kamar na tsinci dami a kala. Da su aka gyara rufin ɗakin Hajiya, in kana tunawa. Ashe ɗalibi mai bizar F-1 baƙo ne a wurin IRS a shekaru biyar na farko, fom ɗinsa 1040-NR ne, kuma ba shi da haƙƙi a rangwamen nan. Sai da shekara ta zagayo na ji haka a wani zama da ofishin ɗaliban waje ya shirya, gumi ya keto mini cikin sanyin Fabrairu. Na cika fom ɗin gyara, 1040-X, na mayar da kuɗin har da ƙari a kai, ina wanke-wanke a kicin ɗin makaranta, aikin da doka ta hana ni wuce awa 20 a mako. Mutumina kuwa ya daina ɗaga waya. Ban ma iya ƙararsa ba, ni na sa hannu cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne. Manhaja ba ta san bizarka ba, abin da aka faɗa mata shi take rubutawa.

Don haka in ka iso, manhajar da aka yi domin ɗalibai baƙi irinku ita ce Sprintax, jami'o'i da yawa suna ba ɗalibansu lambar shiga kyauta. Ko ba ka samu ko kwabo ba a shekarar, akwai fom 8843, dole ka aika.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abokin ɗakina ɗan Indiya a lokacin da nake ɗalibi. Aikinmu ɗaya, albashinmu ɗaya, amma shi ana yafe masa haraji a kan kaso mai tsoka saboda yarjejeniyar ƙasarsa da Amurka. Najeriya ba ta da irinta. Sauƙinmu ɗaya, ba a yanke wa ɗalibi irinka kashi 7.65 na fansho da lafiyar tsofaffi. In ka ga an yanka, ka je ka yi magana.

Za kuma ka haɗu da masu ce maka ka saka ƙannenka na gida cikin waɗanda kake ciyarwa don kuɗin su ƙaru. Ko kai ke sayen buhun shinkafar gidan, yaron da ke zaune a Kano ba ya shiga lissafi. Ranar da za ka nemi zama ɗan ƙasa, maganar haraji na cikin abin da za a tambaye ka, ni har kwafin na shekaru biyar na riƙe na tafi da su.

Ka gaida Hajiya. Kuma kada ka ɗauko mini kilishi, kwastan za su ƙwace a filin jirgi. Kuka da yaji sun isa.