Tambaya da Amsa: Garin TiO2 ɗina ya koma ruwan ɗorawa, na gama ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ajin ƙarshe a sashen kimistiri, furojet ɗina a kan titaniyom dayoksayid ne wato TiO2, sufabaiza ya ce in haɗa shi da yuriya in gasa don ya riƙa aiki da hasken da ido ke gani. Na gasa, farin garin ya koma ruwan ɗorawa, na zuba shi a ruwan wani shuɗin rini mai suna metilin bulu na ajiye a rana, shuɗin ya dushe. Abokaina suna cewa ai shi ke nan na gama, haka ne? Kuma don Allah me ya sa sai an cusa masa wani abu tukun?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. Amma fa da sauran rina a kaba.

Bari in fara da tambayarka ta biyu. TiO2 ba ya aiki sai haske ya bugi ilaktiron ɗinsa ya tsallakar da shi wani giɓi, a bar gurbi a baya, to ilaktiron ɗin da gurbin su ne ke haɗuwa da iskar oksijin da ruwa su haifar da abubuwan da ke ragargaza datti. Matsalar ita ce giɓin nan da faɗi, eV 3.2 ne (eV ma'aunin ƙarfin da ilaktiron ke buƙata ya tsallaka) a nau'in TiO2 da ake kira anatas, 3.0 a nau'in rutail, don haka anatas sai hasken da tsawon zangonsa bai kai nanomita 387 ba wato UV, hasken da ido ba ya gani, shi kuma UV ɗin bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Tun 1972 da Fujishima da Honda na Japan suka yi amfani da TiO2 suka raba ruwa zuwa haidirojin da oksijin ake fama da wannan taƙaici. A 2001 Asahi da abokan aikinsa a cibiyar binciken Toyota suka fitar da aikinsu na cusa naitirojin, shi naitirojin ɗin sai ya zama kamar ɗan matakala a cikin giɓin, haske mai rauni ma ya iya ɗaga ilaktiron. Abin da yuriyarka ta yi ke nan tunda tana ɗauke da naitirojin, shi ya sa launin ya canza.

To amma canjin launi abin da yake nunawa kawai shi ne garin yana shan haske, bai ce yana aiki da shi ba. Sau da yawa ilaktiron yana tashi ya koma gurbinsa nan take, ƙarfin ya tafi a zafi a banza, kuma baƙon sinadarin da ka cusa idan ya yi yawa shi da kansa yake zama mahaɗar ilaktiron da gurbinsa. Masu sa ƙarfe irin su ayon (Fe) da banadiyom sun sha ganin haka, ɗan kaɗan ƙasa da kashi 1 cikin 100 ya taimaka, a ƙara kuma aiki ya faɗi.

Sai maganar metilin bulu, ni dai gaskiya ba na yarda da shi shi kaɗai. Rini ne, shi ma yana shan hasken da ido ke gani, yana iya miƙa wa TiO2 ilaktiron ya dushe ko da ba a cusa komai ba, wani kuma mannewa kawai yake a jikin garin, ka duba ƙasan kwalbarka ko garin ya yi shuɗi-shuɗi. Ga shi kuma a rana ka ajiye, ranar nan da UV a cikinta, to wa ya yi aikin?

Ka sake gwajin. Fara juya haɗin a duhu kamar minti 30 zuwa awa 1 har mannewa ta tsaya kafin ka kunna fitila, ka sa gilashin da ke tare hasken da ke ƙasa da nanomita 420, ka jera kwalba uku, ɗaya ba gari, ɗaya da farin TiO2 da ba a taɓa ba, ɗaya da naka. In da hali ka gwada da sinadarin fenol a madadin rinin tunda shi ba launi gare shi. Wajen gashi kuma ka tsaya tsakanin digiri 400 zuwa 500 na ma'aunin Selsiyos, in ka zarce sosai naitirojin zai gudu, anatas ya fara rikiɗa rutail. In ka samu sakamakon kwalaben nan uku ka turo min mu duba tare.